Tarihin Awon Bugun Zuciya Lokacin Motsa Jiki: Daga Yatsan Likita Zuwa Filin Dambe

Awon bugun zuciya shi ne ƙidaya sau nawa zuciya ke harbawa a cikin minti ɗaya, tare da lura da yadda adadin ke hawa da sauka gwargwadon halin da jiki yake ciki. Baligi mai lafiya, idan yana hutawa, zuciyarsa kan buga sau 60 zuwa 100 a minti, ta tura jini kimanin lita 5. Idan ya shiga aiki mai tsanani, bugun kan ninka sau biyu ko uku, jinin da ake turawa ya kai lita 20 ko fiye. A yau da zarar an ambaci wannan awo, sai hankali ya tafi ga agogon hannu masu tsada da direbobin tseren motoci na Turai. Amma wanda ya bi tarihin daki-daki zai tarar na'ura daga baya ta zo. Mafi yawan ilimin da ke ceton rai da yatsa da agogo aka gina shi, saboda haka manomin Ɗan Isa da ɗan damben Shinkafi da ɗan kabu-kabun Ƙauran Namoda duk suna da gado a cikinsa.

Tun kafin a san cewa jini zagaya jiki yake yi, likitoci sun riƙe tsintsiyar hannun majiyyaci suna sauraron jijiya. Herofilus, wanda ya yi aiki a Iskandariyya ta Masar kimanin shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, ya riƙa gwada saurin bugu da agogon ruwa. Jalinusu ya rubuta littattafai da dama a kan bugun jijiya kaɗai. Ibn Sina, a cikin Al-Ƙanun da ya kammala a 1025, ya bayyana yadda shekaru da abinci da wanka da fushi da tsoro da motsa jiki ke sauya bugu. Abin da ya rage wa waɗannan magabata shi ne agogo mai nuna sakan. Wannan giɓi John Floyer na Ingila ya cike a 1707, lokacin da ya sa aka ƙera masa agogo na musamman, ya riƙa ƙidaya bugun mutane na tsawon minti guda yana rubutawa. Daga nan bugu ya zama adadi, wanda za a iya kwatanta na yau da na jiya, ko na wannan mutum da na wancan.

Ƙarni na 19 ya kawo kayan aiki. A 1816 Laennec ya ƙirƙiro abin sauraron ƙirji a Paris, a 1887 kuma Augustus Waller ya ɗauki alamun lantarkin zuciyar mutum a Landan. Willem Einthoven na ƙasar Holan ne ya kyautata na'urar zana bugun zuciya, wadda asibitoci ke kira ECG, a farkon ƙarni na 20, har ya sami lambar yabo ta Nobel a 1924. Sai dai na'urarsa ta kai nauyin kilo 270, tana bukatar mutum biyar su sarrafa ta, wanda ake gwadawa kuma sai ya zauna cik, hannuwansa da ƙafarsa a cikin ruwan gishiri. Ta nuna wa likita zuciyar mai hutawa sarai. Zuciyar mai gudu da mai noma kuwa ta ci gaba da zama a ɓoye, alhali a lokacin wahala ne lafiyar zuciya ko rauninta ke fitowa fili.

Masu horar da 'yan wasa ba su jira na'ura ta yi sauƙi ba. A Jamus, tun daga shekarun 1930, mai horarwa Woldemar Gerschler da likitan zuciya Herbert Reindell sun tsara atisayen gudu da hutu: ɗan wasa ya yi gudu har bugunsa ya kai wajen 180, ya huta har ya sauko 120, sannan ya sake tashi. Almajirin Gerschler, Rudolf Harbig, ya kafa tarihin duniya a tseren mita 800 a birnin Milan a 1939, cikin minti 1 da sakan 46.6. A 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, masana a Jami'ar Harvard ta Amurka suka fito da gwajin hawa benci: mutum ya riƙa hawa da sauka daga benci mai tsayin kusan rabin mita, sau 30 a minti, na minti 5, sannan a ƙirga bugunsa yana hutawa. A 1957 Martti Karvonen na Finlan ya nuna cewa zuciya ba ta ƙara ƙarfi sai atisaye ya kai wani mizani tsakanin bugun hutu da ƙololuwar bugu. Darasin da ya fito daga waɗannan ayyuka shi ne, saurin saukar bugu bayan aiki ya fi hawansa bayyana ƙarfin zuciya. Wani bincike da aka buga a Amurka a 1999 ya ƙarfafa haka, domin ya gano cewa waɗanda bugunsu bai ragu da fiye da 12 ba a minti na farko bayan gwaji sun fi sauran haɗarin mutuwa a shekarun da suka biyo.

Shigowar tseren motoci cikin wannan tarihi ta biyo bayan aikin Norman Holter na jihar Montana, wanda a ƙarshen shekarun 1940 ya haɗa na'urar da ake goyawa a baya, mai nauyin kilo 38, tana aika bugun zuciya ta rediyo. Da na'urar ta ƙanƙance, sai likitoci suka fara bin mutane da ita wuraren aikinsu. A 1967 Peter Taggart da abokin aikinsa suka buga sakamakon awon direbobi a Ingila. Sun tarar bugun direban tsere kan kai 150 zuwa 180 tun yana zaune yana jiran a ɗaga tuta, a cikin tseren kuma ya kusanci 200. Daga baya Taggart da Malcolm Carruthers suka nuna cewa sinadaran firgita, dangin adirenalin, suna ƙaruwa sosai a jinin waɗannan direbobi. Haka ma aka gani a 1969, lokacin da bugun ɗan sama jannati Neil Armstrong ya kai 150 yana sauke kumbo a kan wata, ba tare da ya taka ko taku ɗaya ba. Bincike na baya ya ƙara da cewa direban tsere aikin ƙarfi yake yi na gaske: a wurin kwana da taka birki jikinsa kan ɗauki matsi da ya ninka nauyinsa sau huɗu ko biyar, zafin cikin mota kan kai digiri 50, gumi kuma ya rage masa kilo 2 zuwa 3 kafin a tashi. Wato abu uku ke kora zuciya: aikin tsoka, da zafi, da fargaba.

Sauran labarin na ƙanƙancewar na'ura ne. Kamfanin Polar, wanda Seppo Säynäjäkangas ya kafa a Finlan a 1977, ya fitar da ɗamarar ƙirji mai aika bugu zuwa agogon hannu ba tare da waya ba a 1982. Agogon zamani kuwa haske suke haskawa cikin fata su karanta kai-komon jini. A gasar Formula 1, tun 2019 wajibi ne direba ya sa safar hannu mai ɗauke da ɗan ma'auni da ke sanar da likitoci bugunsa da yawan iskar oksijin a jininsa idan ya yi haɗari. Duk da wannan tanadi, a tseren Katar na Oktoban 2023 zafi ya sa Esteban Ocon ya yi amai a cikin hular kwanonsa, Logan Sargeant kuma ya janye saboda rashin lafiya. Ƙasar Hausa ma ta ga irin wannan jarrabawa a ƙofar gidanta, domin tseren Paris zuwa Dakar, wanda aka fara a ƙarshen 1978, ya sha ratsa Agadas da hamadar Tenere.

Abubuwan nan uku da aka gano a filin tsere, babu wanda arewacin Zamfara ba ta sani ba. A watan Afrilu zafi kan wuce digiri 40 a Ƙaura da Zurmi da Shinkafi. Idan jiki ya yi zafi, jini kan karkata zuwa fata don ya huce, gumi ya rage ruwan jini, sai zuciya ta ƙara sauri don ta cike giɓin, ko da aikin bai ƙaru ba. Wannan shi ne halin mai huɗa da garma a farkon damina, da ɗan dako a kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, da matar da ke daka da ɗiban ruwa da rana tsaka, balle idan abin ya haɗu da azumi. Dambe, wanda ya fito da Shago da Ɗan Anace ya yi wa waƙa, tsarinsa ya yi kama da abin da Gerschler ya tsara: turmi mai zafi, ɗan hutu, sannan wani turmin, ga kalangu da idon jama'a suna ƙara zuga zuciya. Fargaba kuma ba sai an bayyana ta ga direban da ke bin hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi a shekarun nan na 'yan bindiga ba. Direban Turai awa biyu yake yi ya sauka cikin hannun likitoci. Namu kullum sai ya fita, sau da yawa da hawan jinin da bai san yana da shi ba.

Wani zai ce, yankin da ke fama da rashin tsaro da yunwar yara, har ƙungiyar likitoci ta MSF tana aiki a asibitocin Shinkafi da Zurmi, ina shi ina ƙidayar bugun zuciya? Da awon na bukatar kuɗi, da maganar ta yi nauyi. Amma Floyer da Gerschler da masanan Harvard da yatsa da agogo suka yi aikinsu, kuma ko ƙaramar wayar hannu tana da ma'aunin sakan. Inda asibiti ya yi nisa, hanya kuma ba ta da tabbas, nan ne alamar da mutum zai gane da wuri ta fi daraja. Wani kuma zai ce manomi ya san jikinsa, gajiya za ta gaya masa lokacin tsayawa. Akwai gaskiya a nan, domin masana ma sun yarda cewa wanda ke aiki yana iya magana ba tare da haki ya yanke masa zance ba, bai wuce kima ba. Sai dai kunyar a ga kasawa a wurin gayya takan sa saurayi ya danne abin da jikinsa ke faɗa, ƙwayoyi irin su tiramadol da wasu ke sha don ƙarin kuzari kuma suna toshe jin gajiyar gaba ɗaya. Adadi ba ya jin kunya, ƙwaya ma ba ta rufe masa baki.

Suka mafi ƙarfi ita ce awon bugu ba ya gano kowace cuta, kuma haka ne. Ɗan ƙwallon ƙafa Samuel Okwaraji ya faɗi ya rasu a filin wasa na ƙasa da ke Legas ranar 12 ga Agusta, 1989, ana wasa da Angola, yana da shekara 25. Marc-Vivien Foé na Kamaru ya rasu a birnin Lyon na Faransa a 2003 sakamakon kaurin tsokar zuciya. Chineme Martins na Nasarawa United ya faɗi a Lafiya a Maris na 2020, ana karawa da Katsina United. Irin waɗannan cututtuka sai gwajin ECG da hoton zuciya ke tona su, idan zuciya ta tsaya kuma sai danna ƙirji nan take da na'urar farfaɗo da ita. Ƙa'idar nan da ta yaɗu tun 1971, ta cire shekarun mutum daga 220 don sanin ƙololuwar bugunsa, kintace ce da kan kauce da bugu 10 ko fiye. Magungunan hawan jini irin su atenolol suna rage bugu, agogon haske kuma kan yi kuskure idan hannu na girgiza. Waɗannan iyakoki suna nuna matsayin awon: aikinsa shi ne ya tura mutum wurin likita a kan lokaci. Mai cewa ajali ba ya jinkiri ya faɗi gaskiya, amma tawakkali bai hana riƙon sababi ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da duk nauyin mulki da ke kansa, ya zauna ya rubuta littattafai a kan magani.

Yadda ake awon ba shi da wuya. A ɗora yatsa manuni da na tsakiya a tsintsiyar hannu ta gefen babban yatsa, a ƙirga na sakan 15, a ninka sau huɗu. A yi da asuba kafin a tashi daga shimfiɗa, na kwanaki, har mutum ya san nasa adadin. A yi da zarar an tsaya da aiki, a sake bayan minti ɗaya. Bugun da ya dawwama sama da 100 ana hutawa, ko yake tsalle-tsalle, ko ya ƙi sauka bayan aiki, ko ya zo da ciwon ƙirji, jiri ko suma, dalili ne na neman asibiti, ko da zai kai mutum Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Gusau. Kira gare ku malaman motsa jiki na makarantu, da masu kula da wasanni a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, da sarakunan dambe, da shugabannin tasha: ku koyi wannan ƙidaya, ku koya wa waɗanda ke ƙarƙashinku, kada kuma ku bar wanda ya taɓa suma a fili ya koma wasa sai likita ya duba zuciyarsa.