Taurin bayan gida bayan tiyatar kansar furostet: dalilansa, rigakafinsa da maganinsa

Taurin bayan gida, wanda wasu ke kira bushewar ciki, yana daga cikin matsalolin da suka fi damun maza a makonnin farko bayan tiyatar kansar furostet. Ana cewa mutum yana da shi idan bai kai sau 3 yana zagayawa a mako ba, ko bayan gidan ya yi tauri har sai da nishi yake fita, ko kuma ya gama amma yana jin da saura. Ga mai lafiya wannan damuwa ce kawai. Ga wanda aka yi wa wannan tiyata kuwa, nishi na iya taɓa ɗinkin da ke ciki. Shi ya sa ka'idoji biyu ne ginshiƙin wannan bayani: kada a yi nishi, kuma kada a saka komai ta dubura.

Me ya haɗa furostet da bayan gida?

Furostet wata ƙwaya ce mai girman goro matsakaici da maza kaɗai ke da ita. Tana zaune a ƙarƙashin mafitsara, ta kewaye bututun da fitsari ke bi ya fita. Mutane da yawa suna kiran cutarta kansar mafitsara, amma mafitsara daban, furostet daban.

Idan likita ya cire furostet gaba ɗaya, sai ya jawo wuyan mafitsara ya ɗinke shi da ragowar bututun fitsari. Robar fitsarin da ake barin majinyaci da ita, yawanci mako 1 zuwa 2, wani lokaci har 3, aikinta shi ne ta riƙe wannan ɗinki ya huta har ya haɗe.

A bayan furostet kuma akwai ƙarshen babban hanji, inda bayan gida ke taruwa kafin ya fita ta dubura. Siririn tantani ne kawai ya raba su. Lokacin tiyata ana ɓanɓare furostet daga jikin wannan hanji, don haka bangonsa yakan yi rauni na ɗan lokaci. Ke nan duk bayan gida mai tauri da ya taru, a jikin sabon ɗinki yake jingine, kuma duk nishin da aka yi a kansa yake sauka.

Abubuwan da ke haddasa shi

Na farko shi ne maganin sa barci da ita kanta tiyatar. Hanji yakan yi sanyi bayan an yi aiki a ciki, ya ɗauki kwanaki kafin ya koma motsi yadda ya saba.

Na biyu, kuma mafi girma, magungunan kashe zafi masu ƙarfi irin su mofin, fentazosin, taramadol da kodin. Suna rage motsin hanji, bayan gida ya daɗe a ciki, hanji kuma ya ci gaba da tsotse ruwansa har ya bushe. Jiki ba ya sabawa da wannan illa. Muddin ana shan maganin, tana nan.

Akwai wasu magungunan da ke ƙara wa abin ƙarfi: maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe, wasu magungunan hana amai, da waɗanda ake bayarwa don kwantar da murɗawar mafitsara, irin su Buscopan da oksibutinin.

Sai kuma yawan kwanciya, ƙarancin cin abinci, da rage shan ruwa. Wasu majinyata da gangan suke rage ruwa don kada jakar fitsari ta riƙa cika, ko don tsoron ɗigar fitsari bayan an cire roba. Wasu kuma tsoron zafi ke sa su danne bayan gida idan ya zo, alhali dannewar ce ke ƙara masa tauri.

Yaushe ake sa ran fara zagayawa?

Yawanci tusa ce ke fara fita a kwana na farko ko na biyu, kuma alama ce mai kyau da ke nuna hanji ya farka. Bayan gida na farko kan zo tsakanin kwana 3 zuwa 5 bayan tiyata. Idan majinyaci yana fitar da iska, cikinsa da laushi, ba ya amai, to jinkirin kwana 2 ko 3 ba abin tayar da hankali ba ne, musamman da yake bai ci abin kirki ba.

A sani kuma, majinyaci na iya jin kamar bayan gida ya matse shi alhali babu komai. Kumburin wurin aiki da ƙwallon da ke riƙe roba a cikin mafitsara ne ke kawo wannan ji. Idan an zauna bai zo ba, a tashi.

Illar nishi

Nishi mai ƙarfi na iya jawo jini a cikin fitsari, ya tayar da murɗawar mafitsara, ya sa fitsari ya riƙa tsiyaya ta gefen roba. Yana iya takura ɗinkin ciki da na fatar ciki, ya kuma tayar da basir. Bayan an cire roba, hanjin da ya cika yakan danne mafitsara, ya ƙara ɗigar fitsari ko ya hana shi fita sosai.

Ɗan jini kaɗan a cikin jaka ko a bakin roba bayan an zagaya abu ne da ake gani, kuma yakan washe idan aka huta aka sha ruwa. Jini mai kauri da gudaji shi ne ba a zama da shi a gida.

Rigakafi ya fi magani

Ruwa. A sha lita 1.5 zuwa 2 a rana, wato leda 3 zuwa 4 ta ruwan leda mai rabin lita, a rarraba daga safe zuwa yamma. A lokacin zafi a ƙara. Fitsarin da ke cikin jaka shi ne ma'auni: idan ya yi fari-fari ruwa ya isa, idan ya yi duhu da saura. Mai ciwon zuciya ko ƙoda ya tsaya kan adadin da likitansa ya ƙayyade masa.

Abinci. A kwanakin farko a fara da mai sauƙi, kaɗan-kaɗan sau da yawa: kunu, koko, fate, romo. Idan iska ta fara fita kuma ciki ya karɓa, sai a shigo da abinci mai harza a hankali. Babba yana buƙatar kimanin giram 25 zuwa 30 na harza a rana, kuma abincinmu na gida ya wadatu da ita: miyar kuka, kuɓewa, alayyahu, zogale, rama, yakuwa, kabewa, tuwon dawa ko gero ko alkama da ba a cire dusarsu duka ba, acca, dankalin Hausa, gwanda, kankana, mangwaro, lemo tare da ɓargonsa, da dabino. Kunun tsamiya ma yana taimakawa wajen laushin ciki. Mai ciwon sukari ya kiyaye da yawan dabino, mangwaro da sukarin kunu.

Wake da kabeji suna da harza sosai, amma suna tara iska, don haka a jinkirta su sai ciki ya daidaita. A rage farin burodi, taliya, farar shinkafa ba ganye, garin kwaki, soye-soye, tsire da kilishi. Harza ba tare da isasshen ruwa ba ƙara cushe ciki take yi, saboda haka su biyun tare suke tafiya.

Tattaki. Tafiya ita ce ke tayar da hanji daga barci. Ana so majinyaci ya taka ƙasa tun washegarin tiyata idan likita ya ba da izini. A gida a riƙa zagaya tsakar gida na minti 5 zuwa 10, sau 3 ko 4 a rana, ana ƙarawa sannu a hankali. Ban da ɗaukar kaya mai nauyi da hawan babur ko keke har sai likita ya sallama, yawanci bayan mako 4 zuwa 6.

Rage magani mai ƙarfi. Da zarar zafi ya lafa, a tambayi likita ko za a koma kan farasitamol. Kada a sayi taramadol ko kodin a kemis a ƙara a kan abin da aka rubuta. Haka nan kada a jure zafi mai tsanani don gudun taurin ciki, domin mai jin zafi ba ya iya tafiya. Abin da ya dace shi ne a haɗa maganin zafin da mai laushin ciki tun ranar farko.

Azumi. Wuni ba ruwa yana busar da ciki, yana kuma sa fitsari ya yi kauri a cikin roba. Wanda lokacin jinyarsa ya faɗo cikin azumi ya tattauna da likitansa kafin ya ɗauka.

Yadda za a zauna a bayi

Hanji ya fi motsi minti 20 zuwa 30 bayan cin abinci, musamman karin kumallo. A sha abu mai ɗumi da safe, a ci abinci, a ɗan taka, sannan a gwada. Idan kuma ya zo da kansa a wani lokaci, kada a danne.

Masai na zama ya fi sauƙi a makonnin farko. A ɗora ƙafafu kan 'yar kujera yadda gwiwoyi za su ɗan fi ƙugu tsawo, a sunkuya gaba kaɗan, a jingina hannuwa kan cinyoyi. A saki ciki, a riƙa fitar da numfashi ta baki a hankali kamar mai hura kunu. Kada a riƙe numfashi a yi yunƙuri. Ana iya dafe wurin ɗinki da tawul da aka naɗe. Idan minti 5 zuwa 10 suka wuce babu labari, a tashi a sake gwadawa an jima.

Gidan da masai na tsuguno kawai ke akwai, iyali su nemo kujerar bayan gida ta marasa lafiya, ko a huda kujerar roba mai ƙarfi a ɗora a kan ramin. Tsuguno da miƙewa da sabon ɗinki da roba a jiki yana da wahala, ga haɗarin faɗuwa ko fizge robar. A tabbata robar tana ɗaure a cinya, jakar kuma tana ƙasa da mafitsara. Wajen tsarki a wanke daga gaba zuwa baya don kada ƙazanta ta taɓa robar, sannan a wanke hannu da sabulu.

Magungunan laushin ciki

Duka na sha ne, kuma likitan da ya yi aikin ne zai zaɓa.

Masu jawo ruwa cikin hanji, wato laktulos da makrogol (Movicol). Suna tausasa bayan gida, amma sukan ɗauki kwana 1 zuwa 3 kafin su yi aiki, don haka kada a ce ba su yi ba tun daren farko. Laktulos na iya kawo kumburin ciki da yawan tusa.

Masu zaburar da hanji, wato sena (Senokot) da ƙwayar bisakodil (Dulcolax). Ana shan su da dare, su yi aiki cikin awa 6 zuwa 12. Suna da amfani musamman ga mai shan maganin zafi mai ƙarfi, sai dai suna iya kawo murɗar ciki. A lura, Dulcolax yana zuwa iri biyu, na haɗiya da na matsi. Na haɗiya kaɗai ake nufi a nan.

Masu sinadarin magniziyom ba su dace da mai ciwon ƙoda ba. Garin harza na kemis kuma ba shi ne zaɓi ba idan magungunan zafi ne suka kawo taurin.

Manufa ita ce bayan gida mai laushi da ke fita ba wahala kullum ko bayan kwana biyu. Idan ya koma gudawa, a dakata a tuntuɓi likita.

Abubuwan da ba a yi

Kada a yi matsi ta dubura, ko na asibiti ko na gargajiya. Kada a ɗura ruwa ko sabulu, kada a sa yatsa don ƙwaƙulo bayan gida. Bangon hanjin bai gama warkewa ba, kuma idan ya huje ana iya samun hanya tsakanin hanji da mafitsara, wadda gyaranta sai wata babbar tiyata. Wannan hani yakan ɗauki makonni, kuma likitan tiyata kaɗai ke ɗage shi. Idan an je wani asibiti ko kemis, a fara gaya musu irin aikin da aka yi kafin su duba dubura ko su ba da wani abu.

A guji jiƙe-jiƙen wankin ciki, kanwa, da magungunan basir na kasuwa. Filasko ma, duk da cewa dangin sena ne, wanda aka dafa a gida ba a san ƙarfinsa ba. Yana iya jawo gudawa mai tsanani da ƙarewar ruwan jiki, abin da ke da haɗari ga dattijo.

Alamomin da ke buƙatar asibiti nan take

Ciki ya kumbura ya yi tauri, ga ciwo mai ƙaruwa.
Amai da ya ƙi tsayawa, musamman kore.
Iska ta daina fita gaba ɗaya.
Zazzaɓi da ya kai digiri 38, ko rawar sanyi.
Fitsari ya daina zuba a jaka, ko jini mai kauri da gudaji.
Iska ko ɓurɓushin bayan gida a cikin fitsari, ko fitsari yana fita ta dubura.
Jini mai yawa ta dubura, ko baƙin bayan gida mai yauƙi kamar kwalta. Maganin ƙarin jini ma yana baƙanta bayan gida, amma likita ne zai bambance.
Sabon ciwon baya tare da raunin ƙafafu ko mutuwar jiki a tsakanin cinyoyi.

Haka kuma a tuntuɓi likita idan an kai kwana 4 zuwa 5 ba a zagaya ba duk da shan magani, ko idan ruwan bayan gida ya fara ɗiga bayan kwanaki na tauri. Wannan ba gudawa ba ce, ruwa ne ke bi ta gefen wanda ya toshe, kuma maganin tsayar da gudawa zai ƙara dagula lamarin.

Ga iyali da masu jinya

Yawancin masu wannan cuta dattawa ne, kuma da wuya uba ya buɗe baki ya gaya wa 'ya'yansa cewa ya kwana biyar bai zagaya ba. Sau da yawa sai abu ya yi nisa ake sani. Ya kamata a ware mutum ɗaya da majinyaci ya saki jiki da shi, matarsa ko babban ɗansa, ya riƙa tambayarsa a keɓe kullum, yana rubuta ranar da ya zagaya, yawan ruwan da ya sha da magungunan da ya karɓa. A tafi da wannan takarda ranar komawa asibiti.

A ajiye masa ruwa kusa, a raka shi tattaki, a kuma ba shi sirri da isasshen lokaci idan ya shiga bayi. Masu zuwa dubiya kowa da maganin da zai kawo. A karɓa da godiya, amma kada a ba shi komai sai likita ya gani.

Ga mafi yawan majinyata, ciki yakan koma daidai cikin 'yan makonni, da zarar an daina magungunan zafi masu ƙarfi kuma an koma cin abinci da zirga-zirga. Kafin a bar asibiti, a tambayi likita abu uku: wane maganin laushin ciki za a sha, har zuwa yaushe, kuma wa za a kira idan an shiga matsala.