Aikin Yau da Kullum a Matsayin Tushen Waƙar Baka: Waiwaye a Tarihi

1.0 Gabatarwa

A ƙasar Hausa, waƙar baka ta girmi rubutu. Wannan takarda za ta duba yadda ayyukan yau da kullum suka riƙa samar wa mawaƙa kari da jigo, tun daga tsakar gida har zuwa dandali.

2.0 Waƙoƙin Aiki

Kafin zuwan injin niƙa, mace kan durƙusa gaban dutsen niƙa tun da asuba. Kai da komon ɗan dutse shi ne kiɗanta, a kansa take ɗora kalmomi. Haka abin yake wajen daka, inda luguden taɓare ke ba da kari, da wajen daɓe da raino da gayyar noma. A nan mace ke samun kafar yi wa kishiya habaici, ko ta bayyana kewar gidan iyayenta, abin da kunya ba za ta bari ta faɗa da baka ba. Ke nan aiki ya ba da kari, zaman gida kuma ya ba da jigo.

3.0 Daga Aiki zuwa Sana'ar Waƙa

Wasu manyan mawaƙan ƙarni na 20 daga wannan tushe suka taso. Alhaji Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa ta ƙasar Katsina, bai gaji waƙa ba. Da ƙuruciyarsa ya yi tallar goro da alewa, yana rera waƙa don jawo masu saye. Daga nan muryarsa ta fita, har Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Ya rasu a 1999.

Ita kuwa Hajiya Sa'adatu Barmani Coge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, da ƙwarya ta yi suna, wato kayan aikin mata, a kiɗan amada. Jigoginta su ne kishi da haihuwa da neman na kai, kamar yadda aka gani a waƙar da ta yi kira ga mata su kama sana'a. Shi ma Ɗanmaraya Jos, mai kuntigi, wanda ya rasu a 2015, ya lura da wahalar yaran mota a tasha, ya yi waƙar “Karen Mota”.

4.0 Kammalawa

Bayanan da suka gabata sun nuna cewa mawaƙin Hausa daga cikin hidimar jama'a yake tsintar waƙarsa. Sai dai yayin da inji ya karɓe niƙa, siminti ya maye gurbin daɓe, waƙoƙin waɗannan ayyuka suna ɓacewa tare da tsofaffin da suka san su. Wajibi ne ɗalibin Hausa ya je gare su, ya naɗi abin da ya saura tun suna raye.