Daga Garmaho Zuwa Lasifika Marar Waya: Tarihin da Ke Bayan Zaɓen Na'urar Faifai

Kafin faifai ya zama abin saurare, kayan aikin gida ne. Mata ke saƙa shi, a rufe ƙwaryar fura da shi, a yi bakacen tsaba da shi. Da Bahaushe ya ga wani baƙin abu zagayayye yana juyi a kan akwati, murya tana fita, sai ya ba shi sunan abin da ya fi kama da shi a tsakar gida. Akwatin kuwa ya zama garmaho. Sunan faifai ya fi na'urar tsawon rai, domin har yau ana cewa faifan bidiyo ga hoton da ke yawo a waya, wanda ba shi da faɗi balle kewaye.

Na'urar ma ba ta mutu ba. A 2022, karon farko tun 1987, yawan faya-fayan roba da aka sayar a Amurka ya zarce na CD. Kamfanoni sun koma ƙera na'urori masu sauƙin kuɗi, wasunsu har da Bluetooth. Saboda haka ɗan Gaya ko ɗan Ajingi da ya gaji tarin faya-fayai a adakar mahaifinsa, ga kuma lasifika marar waya a falonsa, yana iya haɗa biyun. Sai dai tambayoyin da zai ci karo da su a shago, wato saurin juyi, da irin allura, da hanyar kai sauti ga lasifika, kowace tana da shekarar da aka haife ta. Wanda bai san shekarun nan ba yana iya lalata, a zama guda, faifan da ba za a sake buga irinsa ba.

Zamanin allurar ƙarfe

A 1877 Thomas Edison ya ƙera na'urar farko da ke ɗaukar murya ta kuma maido da ita, amma a jikin wani abu mai siffar gwangwani take rubuta sautin. Emile Berliner ne ya zo da faifai shimfiɗaɗɗe a 1887, wanda ake iya buga dubbansa daga uwa ɗaya. Daga baya kamfanoni suka daidaita a kan juyi 78 a minti ɗaya. Ana yin faifan da shelak, wani irin ƙaro da ƙananan ƙwari ke fitarwa a jikin itatuwa a Indiya da maƙwabtanta, a cuɗa shi da garin dutse. Yana da nauyi, kuma idan ya faɗi fashewa yake yi kamar tangaran.

Tsakanin 1927 da 1929 kamfanin Zonophone ya ɗauki muryoyin 'yan Afirka ta Yamma a Landan, cikin harsuna da dama har da Hausa, don a sayar da faya-fayan a ƙasashensu. A lokacin layin dogo ya riga ya iso Kano tun 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, kuɗi ya fara shiga hannun manoma da dillalai a gundumomin da ke kewaye da birni, kantunan Turawa da na Kwara kuma suka cika da kayan da za su janye kuɗin. Garmaho yana cikin kayan.

Abin da ya ba shi damar fita daga birni shi ne ba ya bukatar lantarki. Wani ake yi masa da hannu kamar agogo, sifirin ya juya faifan, allura ta bi tsagar da aka yi wa faifan tana rawa, rawar ta kaɗa wani ɗan siririn faranti, bututu ya ƙara amon. A kwatanta shi da rediyon da ya zo Kano a 1944, wanda akwatinsa da waya ake jawo shi daga tasha zuwa gida. Inda waya ta tsaya, nan rediyon ya tsaya. Garmaho kuwa ana iya ɗora shi a kan jaki a bi hanyar Wudil zuwa Gaya, a ajiye shi a zaure ya yi aiki daidai da yadda zai yi a Fage. Na'urar saurare marar waya ta farko da ƙasar Hausa ta sani ke nan.

Gaya gari ne da tarihinsa ke haɗe da ƙarfe. Ruwayar baka ta Kano tana cewa maƙera ne daga Gaya, waɗanda ake kira Abagayawa, suka zo Dutsen Dala neman tama suka zauna. Zuriyar maƙera ba za ta yi mamakin ƙa'idar allurar garmaho ba: idan abu biyu suna gugar juna, dole ɗaya ya ci ɗaya. Masu ƙira sun zaɓi allura ta zama abin ci. Garin dutsen da ke cikin shelak yana cinye bakinta, shi ya sa ake sayar da allurai da yawa a 'yar ƙaramar gwangwani, ana kuma son a sauya sabuwa bayan kowane gefe. Kan da ke riƙe allurar yana danna faifan da nauyin da ya haura giram 100.

Akwai wata iyaka da ta shafi waƙa kanta. Gefe ɗaya na faifai mai inci 10 ba ya ɗaukar abin da ya wuce minti uku da 'yan kai. Waƙar fada ko ta noma, da jagora da 'yan amshi da kirari, ba ta san wannan awo ba. Dole mawaƙi ya datse, ko a raba waƙar gida biyu, mai saurare ya tashi ya juya faifai.

Shekarar da tsaga ta sirance

A 1948 kamfanin Columbia na Amurka ya fito da faifan roba, wanda ake kira binil, mai juyi 33 da sulusi a minti ɗaya, da ke ɗaukar sama da minti 20 a kowane gefe. A 1949 RCA Victor ya fito da ƙarami mai juyi 45. Asirin tsawon lokacin yana cikin tsagar: an sirantar da ita ƙwarai, har ya zama bakin allurar sabon faifai kimanin sulusin kaurin na tsohon ne. Allurar kuma ta koma ta yakutu ko lu'ulu'u, nauyin da take dannawa ya sauko zuwa 'yan giram kaɗan.

Don a sami wurin cusa waƙa mai tsawo, injiniyoyi sun ƙara wata dabara. Amo mai kauri, irin na ganga, yana sa tsaga ta yi faɗi, saboda haka sai a rage shi yayin yankan faifai, a kuma ƙara siririn sauti don ya rinjayi ƙarar guga. Wajen saurare dole a mayar da kowanne matsayinsa. Da farko kowane kamfani da nasa awon, sai a 1954 ƙungiyar kamfanonin faifai ta Amurka, RIAA, ta fitar da awo ɗaya da ya zama na kowa.

Wannan zamani ne ya yi daidai da bunƙasar kamfanonin faifai a Legas, irin su EMI da Decca da Philips. Manyan mawaƙan Hausa, ciki har da Mamman Shata da Ɗanmaraya Jos, sun fito a kan faifan roba. A ɓangaren ilimi, David Ames ya ɗauki kaɗe-kaɗen Hausa a ƙasar Zazzau a farkon shekarun 1960, aka fitar da su cikin jerin faya-fayan UNESCO na kiɗan Afirka. Amma sabon faifan ya zo da sharaɗi: allurarsa lantarki take samarwa, ɗan mitsitsi, wanda sai an ƙara masa ƙarfi kafin a ji. Ya fi dacewa da gidan ma'aikaci a birni, inda akwai wuta da kabad ɗin ajiye rediyogiram. Abin da garmaho ya ba ƙauye, faifan roba ya janye rabinsa.

Yadda kaset ya ci kasuwa

Kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, kuma zuwa ƙarshen shekarun 1970 ya mamaye Arewa. Dalilan a fili suke ga duk wanda ya san garuruwa irin Gaya da Ajingi. Rikoda tana aiki da batir. Ana iya rataya ta a keke ko a ajiye ta a gaban mota, gargadar hanya ba ta sa waƙa ta yi tsalle. Kaset ɗaya yana ɗaukar minti 60 ko 90. Mafi girma duka, kowa na iya ɗauka da kansa. Makaɗin gari da kamfanin Legas ba zai taɓa jin sunansa ba ya shiga kaset a wurin biki, haka ma wa'azi da tafsirin watan azumi.

Sauƙin kwafi ya karya cinikin kamfanonin. Faɗuwar darajar Naira bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ta tsadar da kayan buga faifai. Zuwa farkon shekarun 1990 manyan kamfanonin waje sun miƙa rassansu ga 'yan ƙasa: EMI ya zama Ivory Music, PolyGram ya zama Premier. Faya-fayai suka koma adaka. Waƙoƙin suka ci gaba da tafiya daga kaset zuwa kaset, daga nan zuwa CD, zuwa katin waya, kowane kwafi na zamanin kaset yana zubar da wani abu na tsabtar sautin. Shata ya rasu a 1999, Ɗanmaraya a 2015. Faifan asali da ya tsira a wani gida yana iya zama ya fi duk abin da ke yawo a waya kusa da muryar da aka ɗauka a ranar farko.

Abin da tarihin ke gaya wa mai saye

Tambaya ta farko ta 1948 ce: wane irin faifai ne a hannu? Mai nauyi, mai tauri, wanda ba ya lanƙwasuwa, shelak ne mai juyi 78. Mara nauyi mai ɗan lanƙwasuwa roba ne. Yawancin na'urorin masu farawa, kamar Audio-Technica AT-LP60X da Sony PS-LX310BT, juyi 33 da 45 kawai suke yi. Mai shelak yana bukatar irin AT-LP120XUSB mai juyi uku, tare da sayen allura ta daban mai kaurin baki, domin siririyar allura nutsewa take yi ƙasan tsohuwar tsaga, ta kwaso ƙara, ta kuma lalace. Kuskuren da ba shi da gyara shi ne ɗora faifan roba a kan tsohon garmaho: allurar ƙarfe za ta nome tsagar tun a juyin farko. Haka kuma na'urori masu araha masu siffar jakar hannu sukan danna faifai da giram 5 ko fiye, alhali masu kyau suna tsayawa tsakanin giram 2 da 3 da rabi.

Tambaya ta biyu ta 1954 ce. Lasifikar zamani ba ta san awon RIAA ba, kuma lantarkin da allura ke bayarwa ya yi mata kaɗan. Dole a sami 'yar na'urar da ke ƙara ƙarfin ta kuma daidaita sautin. Na'urorin da aka ambata suna da ita a ciki, da maɓalli a baya mai rubutu biyu, PHONO da LINE. Wanda zai haɗa da lasifika kai tsaye LINE zai zaɓa. In ba haka ba zai ji murya can ƙasa-ƙasa, siririya, ba amon ganga.

Tambaya ta uku ita ce mafi ƙuruciya. Bluetooth, wanda kamfanin Ericsson na Suwidin ya faro aka kuma kafa ƙungiyar kula da shi a 1998, yana matse sauti kafin ya aika, kuma zangonsa kimanin mita 10 ne. Na'ura irin PS-LX310BT ko AT-LP60XBT tana aikawa kai tsaye ga lasifikar da ke karɓarsa. Amma ba kowace lasifika marar waya ce ke jin wannan yare ba. Wasu, kamar tsofaffin samfuran Sonos na cikin ɗaki, ta Wi-Fi suke aiki, kuma hanyar shigar da faifai cikinsu ita ce a jona waya ga wadda ke da kafar karɓar sauti, ita kuma ta rarraba wa sauran ɗakuna. Hikima ita ce a duba bayan lasifikar da ke gida kafin a je shago.

Saura abin da takardar kamfani ba ta faɗa, wato wuta da yanayi. Lantarkin Nijeriya bolt 230 ne mai bugu 50 a daƙiƙa, na Amurka bolt 120 mai bugu 60. Tsohuwar na'urar da aka shigo da ita daga can, idan injinta da bugun wuta yake auna gudunsa, za ta yi jinkiri da kashi ɗaya cikin shida ko da an rage mata ƙarfin wutar, muryar mawaƙi ta yi kauri ta ja. Injin da ke aiki da adafta ya tsira daga wannan, ya kuma fi jure wutar janareta da ta sola. Zafin bazara, da kan kai digiri 40 a gabashin Kano, yana lanƙwasa faifan roba idan aka bar shi a mota ko ƙarƙashin kwano, don haka a tsaye ake jera shi, a inuwa. Ƙurar hunturu tana maƙalewa a tsaga ta zama yashi a ƙarƙashin allura, shi ya sa murfi da burushi mai laushi suka zama dole. Shelak kuma ba ya shiri da sinadarin goge-goge mai ɗauke da barasa, narkewa yake yi.

Akwai fa'ida ɗaya da ta cancanci ƙarin kuɗi: kafar USB, wadda ke ba da damar kwafe faifai zuwa kwamfuta. Duk juyi yana cin wani abu daga tsaga, komai kyawun allura. Iyalin da ke riƙe da faifan da ba a san inda na biyunsa yake ba, a Gaya ne ko a Ajingi, abin da ya fi musu shi ne su wanke shi, su kwafe shi sau ɗaya da allurar da ta dace, su ɗauki hoton tambarinsa da lambarsa da sunan mawaƙin, sa'annan su bar lasifika ta riƙa rera kwafin, asalin kuma ya koma rigarsa.