Ƙungiyar hokin ƙanƙara ta mata ta Jami'ar Dakota ta Arewa

Ƙungiyar hokin ƙanƙara ta mata ta Jami'ar Dakota ta Arewa ƙungiyar wasa ce ta ɗalibai mata da ta wakilci wannan jami'a, wadda ke birnin Grand Forks a ƙasar Amurka, daga shekarar 2002 zuwa 2017. Ta buga wasa a rukunin farko na gasar jami'o'in Amurka da hukumar NCAA ke shiryawa, kuma ta fitar da 'yan wasa da dama da suka wakilci ƙasashensu a gasar Olamfik. Jami'ar ta soke ƙungiyar a ranar 29 ga Maris, 2017, bisa dalilin ƙarancin kuɗi. Matakin ya jawo ce-ce-ku-ce a kan matsayin wasannin mata a jami'o'i, har ya kai ga shari'a a kotunan tarayya.

Yadda wasan yake

Hokin ƙanƙara ya bambanta da hokin fili da aka sani a makarantun Najeriya. Ana buga shi ne a kan daskararren ruwa, 'yan wasa na sanye da takalma masu siririn ƙarfe a ƙasa da suke zamewa a kansa. Kowane ɓangare yana da 'yan wasa 6 a fili, har da mai tsaron gida, kuma maimakon ƙwallo suna kora wani ɗan faifan roba mai tauri da sanda. Ana raba wasa kashi 3, kowanne minti 20. Wasa ne mai tsada, domin yana buƙatar kayan kariya ga kowane ɗan wasa, sanduna da ke yawan karyewa, da injinan da ke riƙe sanyin fili.

Tarihi

An kafa Jami'ar Dakota ta Arewa a shekarar 1883. Birnin Grand Forks yana kan iyakar jihar Dakota ta Arewa da jihar Minnesota, kimanin kilomita 120 daga iyakar Kanada, yankin da hokin ƙanƙara ke da farin jini kamar yadda ƙwallon ƙafa ke da shi a Kano. Ƙungiyar maza ta jami'ar ta daɗe da yin suna, kuma ta ci kofin ƙasa karo na 8 a watan Afrilun 2016.

Ƙungiyar mata ta fara wasa a kakar 2002 zuwa 2003 a ƙarƙashin mai horarwa Shantel Rivard. A 2004 ta shiga gasar WCHA, inda take karawa da manyan ƙungiyoyi irin na jami'o'in Minnesota, Wisconsin da Minnesota Duluth. Shekarun farko sun zo mata da wahala, ta sha kashi sosai. A 2007 aka ɗauki Brian Idalski a matsayin mai horarwa, kuma shi ya riƙe ƙungiyar har zuwa ranar da aka soke ta.

Tana buga wasanninta na gida a filin Ralph Engelstad, wanda aka buɗe a 2001, mai ɗaukar mutum sama da 11,000. Wani attajiri, tsohon mai tsaron gidan ƙungiyar maza, shi ya ba da kuɗin gina shi, fiye da dala miliyan 100, aka kuma sa wa filin sunansa. Har zuwa 2012 ana kiran ƙungiyoyin jami'ar Fighting Sioux, sunan da aka ɗauko daga wata ƙabila ta 'yan asalin ƙasar. An daina amfani da shi bayan doguwar jayayya da hukumar NCAA, kuma a 2015 aka zaɓi Fighting Hawks a madadinsa.

Shekarun nasara

Tauraron ƙungiyar ya fara haskawa ne bayan da tagwaye Jocelyne da Monique Lamoureux, haifaffun Grand Forks, suka baro Jami'ar Minnesota a 2009 suka dawo gida. Sun fara buga wa ƙungiyar wasa a 2010, bayan sun ci lambar azurfa da tawagar Amurka a gasar Olamfik ta Vancouver. Idalski ya kuma jawo 'yan wasa daga Turai, kamar Michelle Karvinen da Susanna Tapani na tawagar Finlan, Johanna Fällman ta Suwidin da Tanja Eisenschmid ta Jamus.

Ƙungiyar ta kai gasar cin kofin ƙasa ta NCAA sau biyu, a 2012 da 2013, kuma duka biyun Jami'ar Minnesota ce ta fitar da ita a zagayen kwata fainal. Wasan 2013 shi ne aka fi tunawa da shi: sai da aka yi ƙarin lokaci har sau 3 kafin Minnesota ta yi nasara da ci 3 da 2. A wannan kakar Minnesota ta ci duk wasanninta 41 ba tare da an doke ta ko an yi canjaras ba.

Sokewa

A ranar 29 ga Maris, 2017, shugaban jami'ar Mark Kennedy da daraktan wasanni Brian Faison suka sanar da soke hokin mata, tare da ƙungiyoyin ninƙaya na maza da na mata. Labarin ya fita a kafafen sada zumunta kafin a sanar da 'yan wasan, a daidai lokacin da suke atisaye a fili. Jami'ar ta yi alkawarin ci gaba da biyan tallafin karatu ga duk wadda ta zaɓi ta zauna ta kammala karatunta.

Lokacin da sanarwar ta fito ya ƙara wa mutane zafi. Kwana ɗaya kafin nan, tawagar mata ta Amurka ta cimma yarjejeniya da hukumar hokin ƙasar a kan albashi da kulawa, bayan ta yi barazanar ƙaurace wa gasar cin kofin duniya da aka shirya a jihar Michigan. Tagwayen Lamoureux na cikin jagororin wannan fafutuka, kuma sun fito fili sun soki matakin tsohuwar jami'arsu.

Dalilai

Jihar Dakota ta Arewa ta dogara sosai da man fetur da noma wajen samun kuɗin shiga. Farashin gangar mai ya faɗi daga sama da dala 100 a tsakiyar 2014 zuwa ƙasa da dala 30 a farkon 2016, faɗuwar da ta jefa Najeriya ma cikin karayar tattalin arziki a wannan shekarar. Gwamnatin jihar ta rage kuɗin da take ba jami'o'inta, su kuma suka rage wa sassansu. Tun a watan Afrilun 2016 jami'ar ta soke ƙungiyar ƙwallon gora ta maza. A 2017 aka umarci sashen wasanni ya sake zaftare kimanin dala miliyan 1.3 daga kasafinsa.

Hukumar jami'ar ta ce hokin mata yana cin kusan dala miliyan 2 a shekara, alhali kuɗin da ake samu daga tikiti bai taka kara ya karya ba, saboda haka soke shi zai cike giɓin ba tare da an taɓa ƙungiyoyi da yawa ba. Da magoya baya suka nemi a ba su dama su tara kuɗi, sai aka ce sai an samar da asusun dindindin na kimanin dala miliyan 60 kafin a dawo da ƙungiyar. Masu suka sun ce kusan duk wasannin jami'a asara ake yi a kansu, ba hokin mata kaɗai ba, kuma ba a taɓa tallata wasan matan yadda ake tallata na maza ba, duk da cewa fili ɗaya suke amfani da shi.

Shari'a

A watan Yunin 2018, tsofaffin 'yan wasa 11 suka kai ƙarar hukumar jami'o'in jihar a kotun tarayya. Sun dogara da dokar ilimi ta 1972 da aka fi sani da Title IX, wato Babi na 9, wadda ta hana nuna bambancin jinsi a duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya. Ba a kan ƙarancin kuɗin aka yi jayayya ba, sai a kan ko doka ta yarda jami'a ta riƙe hokin maza ta yar da na mata.

A 2019 alƙalin kotun farko ya kori ƙarar. Ya yi amfani da ma'aunin nan mai sassa 3 da gwamnatin tarayya ta fitar a 1979, wanda ɗaya daga cikinsu shi ne a duba ko yawan 'yan wasa mata ya yi daidai da yawan ɗalibai mata a makarantar. A watan Agustan 2021 kotun ɗaukaka ƙara ta yanki na 8 ta soke wannan hukunci ta mayar da shari'ar ƙasa. Ta ce bayanin na 1979 yana da wani sashe dabam da ya shafi wasannin da ake gogayya da jiki: idan makaranta na da ƙungiyar maza a irin wannan wasa, ana iya buƙatar ta samar da ta mata, matuƙar an daɗe ana tauye musu dama kuma akwai masu sha'awa da ƙwarewar da za su riƙe ƙungiya.

Bayan sokewa

Yawancin 'yan wasan sun koma wasu jami'o'i. Mai tsaron gida Kristen Campbell ta tafi Wisconsin, ta ci kofin ƙasa da ita a 2019, kuma tana cikin tawagar Kanada da ta ci zinare a Olamfik ta 2022. Idalski ya koma ƙasar Sin, inda ya horar da tawagar matan ƙasar a gasar ta 2022 a Beijing. Gasar WCHA ta ragu zuwa ƙungiyoyi 7, har sai da Jami'ar St. Thomas ta shigo a 2021.

Ƙasa da shekara ɗaya bayan sokewar, a wasan ƙarshe na Olamfik ta 2018 a Koriya ta Kudu, Monique ce ta farke wa Amurka ci a karawarta da Kanada, Jocelyne kuma ta ci bugun daga kai sai mai tsaron gida da ya ba ƙasar zinarenta na farko cikin shekara 20. Karvinen da Tapani sun ci tagulla da Finlan a gasar.

Wasu jami'o'in Amurka ma sun soke hokin mata saboda kuɗi, kamar Wayne State a 2011 da Niagara a 2012. Jami'ar Robert Morris ta soke na maza da na mata a 2021, amma ta janye matakin bayan magoya baya sun tara kuɗi, ƙungiyoyin suka dawo wasa a 2023. Har zuwa shekarar 2024 Jami'ar Dakota ta Arewa ba ta dawo da tata ƙungiyar ba.