Asalin Hazo da Tafiyar Hamada

Idan kaka ta wuce, aka gama zuba gero a rumbu, mutumin Unguwar Ya yakan tashi wata safiya ya tarar iska ta juyo daga gabas maso arewa, hazo ya rufe gari, rana ta yi fari fat kamar tasa. Kowa ya san hunturu ne ya shigo. Amma ba kowa ya san inda wannan ƙura take fitowa ba, balle ya san cewa hamadar da ke aiko da ita tana da tarihi kamar yadda sarakuna suke da nasu. Ta taɓa yin yaƙi ta ci ƙasa, ta kuma taɓa ja da baya.

Masana sun ce kimanin shekara 20,000 da suka wuce duniya ta yi sanyi ƙwarai, ƙanƙara ta lulluɓe arewacin Turai. A wannan zamani ruwan sama ya yi ƙaranci a nan, Tafkin Cadi ya ƙafe, hamada ta matso kudu da wajen mil 300. Iska ta yi ta tara rairayi tudu tudu, a jere daga gabas maso arewa zuwa yamma maso kudu. Su ne jigayin da matafiyi ke gani a ƙasar Jahun da Kiyawa da Haɗeja, waɗanda aka sa wa jihar sunansu da aka ƙirƙiro ta a 1991. Wani Bature masanin ƙasa, A. T. Grove, ya yi bayaninsu a 1958, ya nuna cewa tsohuwar hamada ce ciyawa da itatuwa suka danne.

Sa'an nan al'amari ya juya. Daga kimanin shekara 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce damina ta yi ƙarfi, har tsakiyar Sahara ta zama daji mai ciyawa da tafkuna. Tafkin Cadi ya cika ya batse, faɗinsa ya fi sulusin Nijeriya ta yau, gaɓarsa kuwa ita ce doguwar jigawar nan da ta ratsa Bama da Maiduguri. Shaidu suna nan. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin ƙasar Yobe, sai ya ci karo da kwalekwale mai tsawon ƙafa 27 a binne. Da aka auna shekarunsa aka ga ya kai 8,000. A Dabus ta ƙasar Azbin kuma akwai siffar raƙuman dawa da mutanen dā suka sassaƙa a jikin dutse, a wurin da yanzu babu abin da raƙumin dawa zai ci.

To, me ke kawo wannan sauyi? Cikin ikon Allah, duniya tana juyawa ne tana ɗan layi, kamar katantanwar yara in ta kusa faɗuwa, kuma tasirin wannan layi a kan yanayi yakan zagayo duk bayan shekara wajen 21,000. A wani sashe na wannan zagaye zafin bazara yakan ƙaru a arewacin Afirka, ya jawo iskar teku mai ruwa ta shiga can ciki. A wani sashen kuwa sai ya ragu, iskar gabas ta yi rinjaye, ƙasa ta bushe.

Da fari ya komo, makiyayan Sahara suka yi ta gangarowa kudu da dabbobinsu, suna bin ruwa. A nan ne duwatsun Birnin Kudu suke da abin faɗi. Wajen 1954 da 1955 labarin zane-zanen da ke Dutsen Mesa da Dutsen Habude ya kai ga ma'aikatan kayan tarihi, Bernard Fagg ya zo ya duba su, tare da duwatsun nan da ke amo kamar kuge in an buga. Yawancin abin da aka zana shanu ne, amma ba irin na Fulanin yau ba, domin ba su da tozo. Irin waɗannan shanu marasa tozo su ne a zanen duwatsun Sahara, su ne kuma suka riga masu tozo zama a Afirka ta Yamma.

Babban tafkin nan kuwa da ya janye ya bar wani kwari a arewacin ƙasar Cadi, ana ce da shi Bodele. Ƙasarsa fara ce, mai laushi kamar gari, yawancinta ɓawon ƙananan halittun ruwa ne da ido ba ya gani. Iskar hunturu takan matso tsakanin duwatsun Tibesti da na Enedi ta kwashe ta, wata ta sauka a ƙasar Hausa, wata ta ƙetare teku har dajin Amazon a Amurka ta Kudu. Ashe da yawa daga hazon da ke sauka a gonakin Gwaram lakar tsohon tafki ce, tana kuma ƙara wa ƙasa ɗan taki.

Wannan babban juyi ba ya hannun ɗan Adam. Amma cikinsa akwai ƙananan fari da ke zuwa a rayuwar mutum ɗaya, kamar na 1913 da ya jawo yunwar Kakalaba, da na 1973, da na 1984. A irin waɗannan shekaru ake gane wanda ya yi tanadi. Jigawa ba ta mutu ba, barci take yi, saiwar itace da ciyawa ne suka ɗaure ta. Manomin da ya sare gawo da kuka da ɗorawar gonarsa, ya kwashe kara ƙaf, ya bar ƙasa tsirara a gaban iskar hunturu, shi ya kwance ta da hannunsa. Wanda kuwa ya bar tohon itace ya girma, ya dasa wani a kan iyaka, ya yi wa jikokinsa shinge. Rigakafi dai ya fi magani. Allah ya ba da damina mai albarka, amin.