Campus ko kampus: tarihin harafi ɗaya

Malamai kan sa jan biro idan ɗalibi ya rubuta "kampus" maimakon "campus". A jarrabawar Ingilishi ko Faransanci suna da gaskiya, amma akwai tarihin da ya kamata yaro ya ji.

Kalmar daga Latin take, ma'anarta fili. A tsohuwar Roma akwai Campus Martius, filin da sojoji ke atisaye. Daga wannan tushe Faransanci ya samu "champ", wato gona. Sai a shekarun 1770 aka fara kiran harabar makaranta da wannan suna, a kwalejin Princeton ta Amurka, daga can ya bazu duniya.

Rubuta ta da k baƙon abu ne a Ingilishi, amma shi ne daidai a Indonesiya da Poland, domin harafin c a can ba ya ba da sautin k. Hausa ma haka take: c ɗinmu ta "ciki" da "cuta" ce. Yaron da ya fara lakwal da Hausa, in ya rubuta k, ƙa'idar da aka koya masa ya bi. A gyara masa, a kuma faɗa masa dalili, kada ya tashi yana zaton harshensa ne ke da laifi.