Malfar Jaji: Daga Maratta Zuwa Ɗakin Nana Asma'u

Baƙon da ya ratsa ƙasar Galma, cikin yankin Madawa na jihar Tawa, a lokacin kaka, ba zai ga abin da ya raba ta da sauran karkarar Gobir da Adar ba: rumbunan ƙasa, damman gero jingine a gona, mata a bakin rijiya da guga. Amma a nan ƙauyen Maratta yake, inda a watan Disamba na 1754 Hauwa, matar malam Muhammadu Fodiyo, ta haifi ɗa namiji aka raɗa masa suna Usmanu. Yana ƙarami iyalin suka koma Degel, sai dai a Maratta aka yanke masa cibiya.

Idan aka ambaci Shehu Usmanu, hankali kan tafi ga hijirar Gudu ta 1804 da faɗuwar Alƙalawa a 1808. Ba a cika tuna cewa ɗaya daga cikin rigingimun farko da malamai 'yan'uwansa suka tayar masa a kan mata ce ba. Wajen 1786, yana yawon wa'azi a ƙasar Zamfara, wani malamin Barno, Mustafa Goni, ya aiko masa da waƙa cikin Larabci yana zarginsa da barin mata su halarci majalisinsa tare da maza. Shehu ya sa ƙanensa Abdullahi ya mayar da amsa. Abdullahi ya musanta cewa ana cakuɗa maza da mata, sannan ya kafa hujjar da ta fi wannan nauyi: barin mace cikin jahilci, ba ta san farilla ba, ba ta ma san addinin kansa ba, ya fi fitowarta wurin wa'azi muni. Labarin yana cikin littafin Abdullahi, Tazyinul Waraƙat.

Shehu da kansa ya fi haka zafi. A cikin Nurul Albabi ya caccaki malaman da ke tara almajirai safe da yamma suna ba su karatu, alhali matansu da 'ya'yansu mata na cikin gida ba su san hukuncin alwala da salla ba. A ganinsa neman suna ne kawai. Ya kuma shaida wa mata cewa biyayya ga miji ba ta kai ta hana su neman sanin abin da Allah ya wajabta musu ba.

Wadda ta mayar da wannan fatawa aiki ita ce 'yarsa Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793, tagwai da Hassan. Tana 'yar shekara goma sha ɗaya aka yi hijira da ita, ta ga yaƙi da yunwa da idonta. Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wazirin ɗan'uwanta Muhammadu Bello, ta yi rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa. Bayan yaƙe-yaƙe, garuruwan daular Sakkwato sun cika da matan da aka kamo daga Gobir da sauran wurare, waɗanda suka tashi cikin bori, ga kuma matan ƙauye da ba malamin da ke isa gare su. Matan aure masu goyo ba su da halin tafiya Sakkwato ko Wurno neman karatu.

Sai Nana ta ɓullo ta wata hanya. Ta zaɓi dattawan mata masu hankali daga ƙauyuka, waɗanda suka wuce haihuwa, ta naɗa kowace jaji, wato sunan jagoran ayari. Naɗin na gaske ne: a ɗora wa tsohuwa malfa, a naɗa mata jan ƙyalle a kai. Jaji takan taho a ƙasa da rakiyar 'yan matan da ba su isa aure ba da wasu tsofaffi, ɗauke da sadaka ta hatsi da zuma da zare da tufa. A ɗakin Nana su zauna, ta rera musu waƙa baiti baiti har ta zauna a ka: sunayen surori, hukuncin tsarki, tarihin Annabi da na Shehu, tsoron ranar hisabi. Sadakar kuwa a raba wa gajiyayyu. Daga nan su juya gida, su shiga ɗaki ɗaki suna koyar da matan kulle. Su ne 'Yan Taru.

Malfar nan tana da tarihi. A Gobir, Inna, 'yar gidan sarauta kuma shugabar 'yan bori, ita aka sani da sanya malfa, kuma har yau akwai sarautar Inna a Tsibiri kusa da Maradi. Jean Boyd, baturiyar Ingila da ta daɗe a Sakkwato ta kuma wallafa tarihin Nana a 1989, ta nuna cewa Nana ta ɗauko alamar da matan Gobir suka saba girmamawa ne ta ɗora wa malamanta. Wannan dabara ce ta wadda ta san halin mutanenta. Da Nana ta rasu a 1864, ƙanwarta Maryam ta ci gaba da aikin.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, Yahudawa masu tsananin riƙo da addininsu sun bi kusan wannan turba. A wurin ibadarsu akwai shamaki tsakanin maza da mata, kuma zurfin karatun addini na maza ne. A birnin Karakow na ƙasar Polan, samari na makarantun addini, 'yan mata na makarantun gwamnati, suna dawowa gida suna raina al'adar iyayensu. Wata tela mai suna Sara Shenirer ta ga abin ya isa. A 1917, shekara ɗari cif bayan rasuwar Shehu, ta tara yara mata 25 a ɗakin ɗinkinta ta fara koya musu addini. Ba ta yi gaban kanta ba: sai da ta nemi albarkar babban malamin garin Belz, daga baya kuma mashahurin malaminsu Isra'ila Meir Kagan ya goyi baya, da hujjar cewa zamanin da yarinya ke koyon komai a gindin uwarta ya wuce. Makarantun, da ake kira Bais Yaakov, wato Gidan Yakubu, sun haura 200 kafin Yaƙin Duniya na Biyu, kuma har yanzu suna nan a Amurka da Isra'ila.

Kada a ɗora wa matan nan biyu abin da ba su ce ba. Nana ba ta nemi a soke kulle ba, Sara ba ta nemi a cire shamaki ba, kuma littafin Talmud, na zurfin karatun maza, bai shiga ajin ɗalibanta ba. Daga cikin gida suka yi gardamar, da hujjar addini, shi ya sa masu tsaurin ra'ayi suka rasa ta inda za su kama su. Gejin da suka tsaya a kai kuwa, wasu matan yau na ganin ya yi kaɗan, kuma suna da abin faɗa.

A Nijar, a binciken 2012, kusan 'yan mata 76 cikin 100 ake aurarwa kafin su cika shekara 18. A watan Disamba na 2017 gwamnati ta fitar da doka ta kare yarinyar da ke makaranta, amma a ƙauyen Galma ko Buza ko Keita, maganar liman ta fi takardar Yamai shiga kunnen uba. Malaman yankin da ke alfahari da Maratta, ga Nurul Albabi nan: su buɗe shi a wa'azin Juma'a, su karanta wa maza abin da ɗan garinsu ya rubuta game da matansu.